Kafin Almakashi Ya Hau Shadda: Zaɓen Digiri na Biyu a Fannin Tufafi

Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ana saura mako biyu sallah, ya san tufafi ba ƙaramar sana'a ba ce. Layin 'yan atamfa ba masaka tsinke, masu shadda na warware bandir suna haska wa mai saye ƙyallinta, teloli kuwa sun daina karɓar ɗinki tun azumi bai raba ba. Amma ɗaga gefen yadin ka duba tambari. Shaddar Getzner daga Ostiriya take, atamfar Vlisco daga Holan, mafi yawan sauran daga Sin, abaya kuma daga Dubai. Alhali tsallaken kogi kawai, a Kakuri, ga masaƙar KTL, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002.

A wannan kasuwa wani dattijo mai shagon yadi, wanda na daɗe ina ciniki a wurinsa, ya tare ni da tambaya. 'Yarsa ta gama digiri, ta yi bautar ƙasa, tana ɗinki a gida, yanzu kuma ta ce digiri na biyu take so a kan tufafi.

"Malam, wai ɗinkin ma sai an yi masa mastas? To in za a yi, wace makaranta ta fi?"

Na ce, "Alhaji, in mutum ya zo ya ce ku yanka masa shadda, me kuke fara tambayarsa?"

"Me za a ɗinka, mana. Na kaftani daban, na babbar riga daban."

To, haka karatun nan yake. Kafin a kwatanta makarantu, sai ɗalibi ya san aikin da yake so ya iya, wanda bai iya ba yanzu.

Suna ɗaya, karatu huɗu

Abin da ake kira karatun tufafi a matakin gaba da digiri ya rabu gida huɗu, kuma kowanne da inda yake kai mutum.

Na farko shi ne zayyana: ƙirƙiro fasalin tufa ko adon da ke jikin yadi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, sashen zayyanar kayan masana'antu yana da ɓangaren yadi, ana kuma yin digiri na biyu da na uku a can. Akwai irin wannan sashe a jami'o'in tarayya da ke Bauchi da Yola da Akure. Sai dai mai shiga ya sani, ƙarfin irin waɗannan sassa ya fi karkata ga yadin kansa, wato saƙa da rini da buga zane, fiye da yanka da haɗa riga. Wadda burinta ta zana atamfar da za ta yi gogayya da ta Holan, nan ne gidanta. Wadda ke son ƙwarewa a ɗinkin amare, ta tambaya da kyau kafin ta sayi fom.

Na biyu shi ne kimiyya da injiniyancin saƙa. Nan ba a maganar yayi. Ana maganar tsawon silin auduga, ƙarfin zare, dalilin da ya sa wata atamfa ke zuba tun wankin farko, da yadda ake ba shadda ƙyalli. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashe na musamman a kan wannan. Wanda ba ya shiri da lissafi da ilimin sinadarai zai sha wuya, amma in ana so masaƙun Kakuri su sake numfashi, irin waɗannan masana ake bukata.

Na uku shi ne nazarin sutura da yadi a ƙarƙashin ilimin tattalin gida. Mutane kan raina shi, suna zaton girki ne da shara. Alhali nan ake nazarin awon jiki, da dacewar yadi da yanayi, da dabarun koyar da ɗinki. Ya fi dacewa da mai son koyarwa a kwalejin ilimi ko jami'a.

Na huɗu shi ne kasuwancin tufafi: fitar da farashi, sarrafa ma'aikata, gina suna, sayarwa ta intanet, fitar da kaya waje. Sau da yawa telar da oda ta yi mata yawa amma riba ba ta zama a hannunta ba ƙarin ilimin ɗinki take bukata ba. Digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, wanda ake yi a jami'o'inmu da dama, har da na ƙarshen mako, zai fi yi mata rana.

Ga masu babbar difloma

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da ke Tudun Wada, ta daɗe tana koyar da fasahar saƙa da ɗinkin zamani a matakin ƙaramar difloma da babba. Ɗalibanta kan fito hannunsu ya faɗa da keke da almakashi. Amma mai babbar difloma, wato HND, da ke son digiri na biyu a jami'a, galibi sai ya fara yin diflomar gaba da digiri, wadda aka fi sani da PGD. Shekara guda ce ta ƙari, da kuɗinta, don haka a sa ta a lissafi tun farko. A kuma tabbatar kwas yana da amincewar hukuma: NUC ga jami'o'i, NBTE ga kwalejojin fasaha. Hedikwatar NBTE ma a nan Kaduna take, ba sai an yi doguwar tafiya ba.

In an ƙetara

A Landan akwai Central Saint Martins da London College of Fashion, duk a ƙarƙashin jami'a ɗaya, da kuma Royal College of Art, wadda ba ta ɗaukar kowa sai masu karatun gaba da digiri. A New York akwai Parsons. A Paris akwai Institut Français de la Mode, wadda ta haɗa zayyana da gudanarwa. A Italiya akwai Istituto Marangoni a Milan da Polimoda a Florence.

Bambancin farko tsakaninsu da na gida shi ne lokaci. Yawancin digiri na biyu a Ingila shekara ɗaya ne ko da 'yan watanni, na zayyana a Amurka shekara biyu. A gida kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a takarda, amma yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Na biyu shi ne abin da ake auna ɗalibi da shi. A jami'o'inmu kundin bincike ne ke da nauyi. A manyan makarantun zayyana na waje kuwa, jerin tufafin da ka ɗinka ne ake fitarwa a gaban masana da 'yan jarida, kuma tun wajen neman gurbi abin da suke fara dubawa shi ne hotuna da zanen ayyukanka. Na uku shi ne kuɗi. A manyan makarantun Landan, kuɗin karatun baƙo kaɗai ya haura fam 20,000 a shekara, ban da haya da abinci da yadin da zai riƙa saya da kansa, ga shi tun da aka saki naira a 2023 nauyin ya ƙaru. Akwai tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, amma yana neman mutum ya yi aikin shekara biyu kafin ya nema, ya kuma dawo gida bayan ya gama.

Akwai abin lura a tarihin waɗanda suka yi suna. Alexander McQueen, ɗan direban tasi, ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, ya zama yaron shago a wurin telolin titin Savile Row, sannan ya shiga Central Saint Martins, ya kammala digiri na biyu a 1992. Hannunsa ne ya buɗe masa ƙofa. Alphadi na Nijar ya yi karatun zayyana a Paris, amma abin da ya ɗaga shi shi ne komawa ga saƙa da surfani da adon mutanen Sahara, har ya kafa bikin tufafi na FIMA a 1998 a hamadar yankin Agadas. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Makaranta na wasa wuƙar da ka zo da ita ne, ba ta ƙera maka sabuwa.

Mu kuwa ruwan cikinmu ba kaɗan ba ne: aska takwas da aska biyu na masu ɗinkin hannu a birnin Zariya, marinar Ƙofar Mata a Kano, saƙi da tsamiya, ɗinkin hula. Ɗalibin da ya je Milan ya kwaikwayi rigar Turawa ya shiga layin da dubbai suka riga shi. Wanda ya je da babbar riga yana neman yadda za a rage mata nauyi ba tare da ta rasa kwarjini ba, shi ke da abin faɗa.

Tambayoyin da za a yi wa kowace makaranta

Su wane ne malaman, kuma yaushe rabonsu da taɓa almakashi ko injin saƙa? Kekuna da injinan ɗakin aiki suna motsi, ko ƙura suke sha? Ina waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce suke yanzu? Ana tura ɗalibi masana'anta koyon aiki? In na dawo, atamfa turmi nawa ko riga nawa zan sayar kafin in mayar da abin da na kashe? Kada a tsaya ga ƙasidar talla. Daga Kaduna zuwa Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, bai kai tafiyar awa biyu ba, kuma gani ya kori ji.

Bayan sallah na koma shagon Alhaji. Ya ce sun zauna da 'yar tasa, ta gano inda gizo ke saƙa: kowace riga sai ta auna mai ita, don haka ba ta iya fitar da abaya ɗari a jere, manya da matsakaita da ƙanana, ta zuba a shago kamar na Dubai. Abin da take nema ilimin awo ne da tsarin ɗinki mai yawa, kuma da wannan ma'auni take bin makarantun ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikin waɗanda sunansu ya fi burge ta tuni ta ajiye su.

Ana cikin haka wani saurayi ya shigo ya nuna wata shadda ruwan toka. Alhaji ya ɗauki almakashi, ya riƙe shi a buɗe, ya dube shi.

"Samari, me za a ɗinka?"