Yara Na Koya Wa Yara Batun Sauyin Yanayi

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da 'yan makaranta suka yi a ƙasar Jamus ya nuna gaskiyar wannan magana.

A shekarar 2007 aka ba wani ɗan aji huɗu mai shekara 9, Felix Finkbeiner, aikin yi wa 'yan ajinsu bayani a kan sauyin yanayi. Garin bincike ya ci karo da labarin Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar Green Belt a 1977, ita da matan karkara suka dasa itatuwa wajen miliyan 30, har aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2004. Sai yaron ya kawo shawarar yaran kowace ƙasa su dasa itace miliyan ɗaya. Daga nan ƙungiyar Plant-for-the-Planet ta samo asali. A 2010 Jamus ta cika nata miliyan ɗin, a 2011 kuma yaron ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abin lura shi ne yadda suke koyarwa. Akan tara yara na yini guda, wani yaro da ya riga ya koya ya tsaya gabansu. Yakan bayyana musu cewa ƙona fetur da gawayin ƙasa da gas yana sakin iskar kabon, ita kuwa takan taru a sama ta riƙe zafi kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu yawanta kashi 280 ne cikin miliyan. Yanzu ya haura 420. Itace kuwa zuƙe ta yake yi yayin da yake girma. Bayan haka sai su dasa itatuwa, su zauna rukuni-rukuni su tsara abin da za su yi a makarantunsu.

Amma fa dasawa daban, rayawa daban. A 2020 jaridar Die Zeit ta nuna shakku a kan yawan itatuwan ƙungiyar da suka rayu a Meziko. Kuma itace kaɗai ba zai wadatar ba muddin ba a rage hayaƙin ba.

Jama'a, wannan magana ta shafe mu. Manominmu ya san damina ta daina cika alkawari, hamada kuma tana matsowa. Yaran da ke ƙaramar sakandare a yau su ne za su gaji gonakin nan. Malamai, ku ba su dama su yi wa juna bayani da bakinsu. Iyaye, in yaro ya dawo gida da tambaya, a saurare shi, a faɗa masa yadda damina take a da. A ba kowane aji 'yan dashen darbejiya, a kafa musu kariya daga awaki, a raba ranakun ban ruwa har rani ya wuce. Sa'an nan a ƙirga waɗanda suka rayu.