Buri da Abin Hannu

Ƴan'uwa, masu zuwa cin rani Kano da Katsina sukan dawo mana da kalmomin Ingilishi. Yau ga guda da za ta amfane mu. Ana rubuta ta haka: realizable. Ana faɗin ta kamar "riyalaizabul". Da Faransanci ma kusan haka take.

Kalmar tana da ma'ana biyu. Ta farko: burin da mutum zai iya cimma. Ta biyu: dukiyar da za a iya saidawa ta koma tsabar kuɗi. Ma'anonin nan biyu tare suke tafiya. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mu duba dukiyarmu nan Gidan Amumune. Kashi uku ce.

Na ɗaya, mai saurin zama kuɗi: kaza, zabo, akuya, tunkiya. In yaro ya kwanta ciwo da dare, da safe ana iya saida kaza a sayi magani.

Na biyu, mai jiran lokaci: hatsi, wake, gyaɗa, rago. Da kaka kowa na kai hatsi kasuwar Mayahi da ta Tasawa, sai tiya ta yi araha. Da damana rumbuna sun yi ƙasa, sai ta yi tsada. Rago kuwa, gab da Layya yake kuɗi.

Na uku, mai wuyar saidawa: gona da gida. Gona dukiya ce babba, amma ba a saida ta rana guda. Wanda ya saida ta don buƙatar yau, me zai noma baɗi?

A kula: darajar dukiya tana hawa, tana sauka. A shekarar 2005 an yi ƙarancin cimaka a jihar Maraɗi. Hatsi ya yi tsada ƙwarai, bisashe sun rame, kuɗinsu ya faɗi. Mutane da yawa sun saida awaki, abin da suka samu bai sayi hatsin kirki ba. Kuɗin takarda ma haka. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka hau. To, kada a tara dukiya iri guda kaɗai.

Yanzu mu koma ga buri. A ce Malam yana son amalanken jaki. A ce kuɗinsa jikka 100 ne. Yana da rago guda da buhun wake biyu. In ya saida su da kaka, a ce ya samu jikka 70. Bai kai ba. In ya yi haƙuri, ya kiwata ragon har Layya, ya ajiye waken da kyau kada ƙwari su ci, yana iya cika jikka 100. Wannan buri ne mai yiwuwa. Amma in ya ce mota zai saya bana, to gona zai saida, iyali su shiga wahala.

Mata sun riga mu gane wannan. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Kowane mako suna zuba kaɗan-kaɗan cikin akwati. Mai buƙata ta ranta, ta biya. Ke nan ba sai ta saida akuyarta da araha ba.

Kafin ka ɗauki buri, ɗauki alƙalami. Rubuta abin da kake so da kuɗinsa. Rubuta abin da kake iya saidawa da watan da ya fi kuɗi. Cimakar gida da iri, kada ka sa su cikin lissafin. Ga amfanin karatunmu ke nan.

Tambayoyi
1. Waɗanne ne ma'anoni biyu na kalmar yau?
2. Don me tiyar hatsi take araha da kaka?
3. Rubuta dukiyar gidanku kashi uku.