Babur ɗin Lantarki da Dajin Gadabeji: Ina Batirin Yake Ƙarewa?

Akwai wata magana da ta ishe ni a majalisun Maradi, daga bakin ƴan kabu-kabu har masu boko: wai babur ɗin lantarki ba ya cutar da ƙasa ko kaɗan tunda ba ya hayaƙi, don haka a raba wa ma'aikatan gandun daji shi, a huta.

Amfaninsa a daji ba abin musu ba ne. Gandun Gadabeji da ke yankin Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, faɗinsa hekta 76,000 ne. A 2018 aka ɗauko raƙuman dawa takwas daga Kure, tafiyar sama da kilomita 800, aka sake su a can. Mai tsaron irin wannan fili in ya taso da babur mai mai, tun daga nesa mafarauci ya ji ƙararsa ya ɓace, barewa ma ta zabura. Shi ya sa a 2021 kamfanin CAKE na Suwidin ya ƙera wani babur marar ƙara, masu tsaron namun daji suka gwada shi a kusa da gandun Kruger na Afirka ta Kudu, ana cajinsa da hasken rana.

To amma hayaƙin da ba a gani a bayan babur, ina ya tafi? Wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke ba Maradi, kaso mai yawa daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma mafi yawan wutar Najeriya da iskar gas ake samar da ita. Mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da aka yanke layin: gari ya koma kan janareta. Wanda ya kunna janareta ya caja babur, man ya ƙona, sai dai ya ƙona shi a zaure maimakon kan titi. A Gadabeji kuwa, in babu faifan sola, zancen ma bai taso ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar masifar batir ce. Masu tsada na lithium ne, wasu da kobalt a ciki, wanda mafi yawansa daga ramukan Kwango ake haƙo shi. Masu arha kuwa sau da yawa batirin dalma ne da ruwan asid, irin na mota. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana rage musu kwana, yashi kuma yana shanye caji. Batir ya mutu, sai me? Sai a miƙa wa mai gwangwan, a fasa da guduma, a tsiyaye asid a kwata, a narka dalma a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Haba jama'a! Ko mun manta Zamfara? A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan can. Dalma ba ta ruɓewa, kuma yaron da ta taɓa wa ƙwaƙwalwa da wuya ya dawo daidai. Abin da aka zubar a kwatar Maradi, damina za ta kwashe shi zuwa Gulbin Maradi, shi kuma ya wuce da shi ta Tibiri. Wanda aka fasa a gefen lambunan Jiratawa, ƙasar da ake noman zogale ce za ta sha shi.

Ga kuma matsalar samun kayan gyara: CAKE ɗin da ake yabo ya karye a farkon 2024.

Saboda haka duk hukuma ko ƙungiyar da za ta sayo wa masu tsaron daji waɗannan babura, ta fara sayen sola kafin babur. Ta sa a rubuce cewa mai sayarwa zai karɓi mataccen batir, a rubuta lambar kowane ɗaya, kada a ba da sabo sai an dawo da tsoho. A koya wa makanikan Dakoro gyara, ba sai an jira wani daga Yamai ba. A bar ƴan babura masu mai saboda sintiri mai nisa, don ma'aikacin da caji ya ƙare masa a tsakiyar daji shi ne abin farauta.

Kai kuma ɗan'uwa mai haya a gari, kada ka caja batir a ɗakin kwana, kada ka jona shi yana da zafi daga dawowa aiki, kada ka bar shi a rana. Na lithium in ya kumbura ko ya fara wari, fitar da shi fili nesa da danni da rumbu, domin wutarsa tana da wuyar kashewa, tana ma iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Na dalma kuwa ajiye shi a tsaye, ba a fashe ba, inda yara da awaki ba sa kaiwa, har ka mayar wa wanda ya sayar maka. Uwargida, kwandon batir ba mazubin ruwan kaji ba ne.