Cire Yana a Idon da Aka Yi wa Dashe

A garuruwa irin su Suleja, da an yi shelar aikin ido kyauta za ka ga tsofaffin unguwar Magajiya da maƙwabtanta sun yi sammako. Ba abin mamaki ba ne. Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin makafin da suka kai shekara 40, kusan kashi 43 cikin ɗari yanar ido ce ta rufe musu gani. Aikin cire ta ba ya cin lokaci, washegari mutum ya gane jikokinsa. Sai dai akwai 'yan tsirarun da wannan saurin kan iya cutarwa: waɗanda aka taɓa yi wa dashen gilashin ido, wato fatar nan garai-garai da ke gaban baƙin ido, bayan hakiya ko gyambo ya ɓata nasu.

A bayan gilashin akwai shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta, aikinsu kwashe ruwa don kada ya yi hazo. Baligi mai lafiya yana da kimanin 2,500 a kowace murabba'in milimita, kuma wadda ta mutu ta mutu ke nan, ba a haifar wata. Dashen kansa yana cinye su. Wani babban bincike a Amurka ya tarar cewa bayan shekara biyar da dashen gilashi gaba ɗaya, kusan kashi 70 cikin ɗari sun tafi. A kan wannan ragowar aikin yana yake zuwa ya ɗebi nasa, ta girgizar na'urar farfasa yanar, da ruwan wanki, da gogar kayan aiki. In suka yi ƙasa da 500 ko kusa da haka, gilashin sai ya kumbura. Ba lallai a gani a makon farko ba. Yakan ɗauki watanni ko shekaru, lokacin da ba mai tuna aikin balle ya zarge shi. Kumburin bayan aiki kuma yana iya tunzura jiki ya ƙi dashen. Wani abin haushin, maganin ɗigawar da ke hana jiki ƙin dashen shi ne ke gaggauta yanar.

Ga mai buƙatar dashe da cire yana, likitoci kan haɗa ayyukan biyu rana ɗaya, ko su jira dashen ya zauna a cire zare kafin a cire yanar, wanda ke sa a fi dacewa da awon ruwan tabarau na roba da za a saka. Kowanne da ribarsa. Amma a ganina ma'aunin Turai bai dace da mu ba. Can in dashe ya lalace a sake wani. Nan fa? Ƙididdigar duniya da aka fitar a 2016 ta ce gilashi ɗaya ake samu ga masu buƙata 70. Najeriya na da dokar dashen tun 1973, ga ma'ajiyar ido a Legas, amma masu bayarwa ƙalilan ne, mu da ke sallar mamaci mu kai shi makwancinsa a ranar. Da yawa sai an shigo musu da shi daga waje, ko sun sayar da gona sun tafi Indiya.

Saboda haka mai dashe ba ɗan layin aikin gayya ba ne, balle ya kai idonsa ga masu tura yana da tsinke a ƙauye. Wurinsa babban asibiti ne irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, ya nemi a ƙidaya masa ƙwayoyin kafin a sa wuƙa. Na'urar ƙidayar ba kasafai take cikin kayan da ake lodawa a mota zuwa aikin kyauta ba.