Yaushe Ya Kamata A Sallami Mai Kula Da Burtsatsen Unguwa?

Wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Tsafe, ya ratsa ta gindin dutsen Kwatarkwashi, ya san ba a rasa tankin ruwa a bisa ƙarafa da farantan sola a gefensa, ko a bakin masallaci, ko a makaranta, ko a asibitin sha-ka-tafi. Wasu na zuba ruwa. Wasu kuwa sun yi watanni a bushe, yara na wuce su da jarkoki a kan kura. Idan ka tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: an kira mai gyara, ya ce yana zuwa.

Yawancin waɗannan rijiyoyi suna da kwamitin da aka damƙa wa amanarsu. A ƙauyuka akwai kwamitin ruwa da tsafta, irin wanda hukumar RUWATSAN ta jihar Zamfara da UNICEF ke ƙarfafa a kafa. A makarantu akwai kwamitin iyaye da malamai. A asibitoci akwai kwamitin raya mazaɓa. Kwamitin ne ke ɗauko mutum ko ƙaramin kamfani ya riƙa duba inji, ya wanke tanki, ya sauya abin da ya lalace. Tambayar da ke wahalar da su ita ce: idan aikinsa ya daina gamsarwa, yaushe haƙuri ya kamata ya ƙare?

Kafin a ɗora masa laifi, kwamiti ya fara duba kansa. An biya shi haƙƙinsa na watannin baya? Kuɗin da ake karɓa a bakin famfo suna shiga asusu, ko suna narkewa a hanya? Mutumin da ake bin sa bashi daban, mutumin da yake bin ku bashin wata uku daban, kuma ba adalci ba ne a ce na biyun ya saya muku kayan gyara daga aljihunsa. Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin kowa. Ƙasarmu ta wannan yanki dutse ne a ƙarƙashinta, ruwan yana maƙale ne a cikin tsagogin dutsen, don haka rijiyar da ke cika tanki a watan Satumba tana iya ja baya sosai a Afrilu. Ko an kawo injiniya daga Kaduna ba zai ƙara mata ruwa ba. Abin da ake nema a wurin mai kula shi ne ya gane haka, ya faɗa muku, ya rage awannin tunkuɗo ruwa ko ya sa na'urar da ke kashe sumo, wato injin tunkuɗo ruwa da ke cikin rijiya, idan ruwa ya yi ƙasa. Sumo da ke juyawa babu ruwa ƙonewa yake yi, kuma yana cikin kayan da suka fi tsada a rijiyar.

A ganina babbar alamar da ke nuna lokaci ya yi ita ce matsala ɗaya ta riƙa dawowa. Inji kowane iri yana lalacewa, wannan ba abin faɗa ba ne. Amma idan an sauya sumo sau biyu cikin shekara guda, ko bututu ɗaya yana yoyo bayan kowane gyara, to ko dai mutumin bai gano tushen cutar ba, ko yana sa kaya marasa inganci, ko kuma lalacewar ta zama masa hanyar abinci. Duk cikin ukun babu wanda ya kamata jama'a su ci gaba da biya. Haka abin yake a famfon tuƙa-tuƙa. Irin Afridev an ƙera shi ne musamman don a iya zaro sandunansa a sauya robobin ciki ba tare da an ɗaga manyan bututu ba. Wanda zai bar irin wannan famfo mako uku a kwance saboda roba, ba ya ɗaukar aikin da muhimmanci.

Sai a duba aikin da ba ya jiran lalacewa. A lokacin hunturu ƙura na lulluɓe farantan sola, ƙarfinsu ya ragu, tanki ya ƙi cika. Ana goge su? An taɓa leƙa cikin tankin a bana? Murfinsa na nan? Ruwan da ke kwanciya a gindin famfo yana da magudana? Wannan ɓangaren ya fi damuna, domin batun rai ne. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta bazu a jihohin Arewa da dama, har da Zamfara, kuma duk ranar da famfo ya tsaya, mata da yara kududdufi da buɗaɗɗiyar rijiya suke komawa.

Duk wannan ba ya tabbata sai da littafi. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. A rubuta ranar da famfo ya tsaya, ranar da aka kira, ranar da ya zo, abin da ya sauya, da nawa ya karɓa. A ajiye rasit, a kuma karɓi tsohon kayan da aka cire. Idan babu rubutu, zaman kwamiti kan koma "ni na ji" da "ai ba haka aka yi ba", kowa ya tashi da ɓacin rai.

Abin da ya fi hana mu yanke hukunci ba rashin hujja ba ne, kunya ce. Mai gyaran ƙanen wani dattijo ne, ko wani babba ne ya kawo shi, ko shi ya haƙa rijiyar tun farko. Na taɓa zama a wani taro inda kowa ya san mutumin ya gaza, amma aka watse da "a ƙara masa haƙuri", har damina ta wuce. Alhali fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure bai bar wannan babi a duhu ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi bayanin ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada da wa'adi sanannu, da ji'ala, inda lada ke tabbata idan aiki ya kammala. Ta kuma nuna cewa mai sana'a yana lamunin kayan da ya tafi da su. Wanda ya ɗauki sumonku ya ce zai kai Gusau gyara, shi ke da alhakin dawo da shi.

Hanyar da ta fi kyau ita ce a kira shi gaban kwamiti da mai unguwa, a karanta masa abin da ke cikin littafi, a saurari uzurinsa, a ba shi wa'adi a rubuce, kamar wata ɗaya, tare da ayyukan da ake so a gani. Idan ya gyara, falillahil hamdu. Idan wa'adi ya cika babu canji, kada a sake buɗe wani. Abu biyu ne kawai ba sa bukatar wa'adi: a kama shi ya musanya sabon kaya da tsoho, ko ya karɓi kuɗin aikin da bai yi ba.

Lokacin sallama ma abin lura ne. Kada a yi ta a tsakiyar bazara, sa'ad da jarka ke tsada kuma kwana biyu babu ruwa ke zama bala'i. Bayan kaka ya fi, jama'a na da abin hannu, rijiya na da ruwa. Kuma kada a sallami na farko sai an sami na biyu, an karɓi makullai, da kayan aiki, da takardar da ke nuna zurfin rijiya da girman injin da ke ciki. A biya shi ragowar haƙƙinsa a gaban shaidu, a rabu lafiya.

Wajen zaɓen sabo, a fifita na kusa. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar. Wanda sai an buga masa waya daga nesa, a irin wannan hali babu shi. Ga kuma yanayin tsaron hanya, wanda ke sa baƙo ya ɗage tafiya. A je a ga rijiya biyu ko uku da yake kula da su, a tambayi matan da ke ɗiba a wurin. A rubuta cikin yarjejeniya kwana nawa zai ɗauka kafin ya amsa kira, da sau nawa zai zo dubawa ko babu lalacewa, a kuma sa ya koya wa matasa biyu na unguwa ƙananan gyare-gyare.

'Yan kwamiti, idan burtsatsenku na kwance yau, ku sayi littafin nan, ku rubuta ranar da ya tsaya, ku sa ranar zama kafin Juma'a mai zuwa.