BAYANI: Ƙaramin ƙarfen da ke girke manyan motocin gwamnati, da abin da ya sa gyaransa ya shafi aljihun talaka

Duk wanda ya saba shiga ma'aikatu a ƙasar nan ya taɓa cin karo da mota ƙirar jif a girke ƙarƙashin bishiyar darbejiya, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilasai. Idan aka tambaya, amsa ɗaya ce: inji ya buga. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wani lokaci bugawar injin takan samo asali daga wani ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, wanda kanikawa ke kira tenshina ko ajasta.

A yawancin motocin zamani, bel guda ɗaya ne ke zagaye gaban inji yana lanƙwasa kamar maciji. Shi ne direbobi ke kira fambel. Tsarin ya fara fitowa ne a motar Ford Mustang ta 1979 a Amurka, kafin nan bel biyu ko uku ake sa wa inji. Wannan bel ɗaya shi ke juya altaneta mai cajin batir, da famfon man sitiyari, da na'urar sanyaya mota. A injunan fetur na Toyota Prado da Hilux, waɗanda hukumomi suka fi saye, shi ne kuma ke juya famfon da ke zagaya ruwa tsakanin inji da lagireto. Kada a haɗa shi da bel ɗin taimin da ke ɓoye a cikin murfi, aikinsu daban ne.

Bel ba ya aiki sai an ɗaure shi daidai, kuma aikin tenshina ke nan. Hannu ne na ƙarfe mai sifirin a ciki, a ƙarshensa akwai puli, a tsakiyar pulin akwai boris da aka rufe da giris tun daga kamfani. Sifirin yana danna pulin a kan bel, yana shanye girgiza duk lokacin da aka kunna na'urar sanyaya ko aka murɗa sitiyari. Abu biyu ke kashe shi: ko giris ya ƙone boris ya bushe, ko sifirin ya saki.

Yanayin Gwandu da Kalgo kuwa ba ya raga wa boris. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, a lokacin da direba ke barin na'urar sanyaya tana aiki sa'o'i yana jiran mai gida ya fito daga taro. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi da ke kutsawa ta bakin robar da ta rufe boris. Da damina, motar da ta bar kwalta ta nufi ƙauyukan fadama dole ta ratsa ruwa da taɓo. Sai kuma masu wankin mota da ke feshe inji da ruwa mai ƙarfi, mai mota yana murna inji na ƙyalli, alhali giris ake wankewa.

Tenshina ba ya mutuwa bagatatan, sai ya yi kuka tukuna. Yakan fara da ƙara mai kama da kukan tsuntsu idan aka tayar da mota da safe, daga baya ya koma gurnani na ƙarfe yana cin ƙarfe. Idan aka buɗe bonet inji na aiki, za a ga hannun yana rawa fiye da kima, ko bel ya karkace gefensa ya fara zare. A nan ne wasu ke zuba wa bel ruwa ko man birki don ƙarar ta ɗauke. Ƙarar kan ɗauke na ɗan lokaci kawai.

Ranar da boris ya cije, bel zai tsinke ko ya faɗo. Fitilar batir za ta kama, sitiyari ya yi nauyi, a injin da famfon ruwansa ke kan bel ɗin kuma allurar zafi ta fara hawa cikin 'yan mintoci. Direban da ya ce bari ya lallaɓa daga Kalgo ya ƙarasa Birnin Kebbi tunda kusa ne, yana iya ƙona gasket ko ya lanƙwasa kan silinda. Abin yi shi ne a gangara gefen hanya a kashe inji nan take. Idan motar ɗaukar marasa lafiya ce da mai naƙuda a ciki, maganar ta wuce ta kuɗi.

Gwajin ba ya buƙatar kwamfuta. Inji a kashe kuma a sanyaye, bakanike ya ɗauki hoton yadda bel ya zagaye, ya sa sifana mai dogon hannu ya janye tenshina, ya zare bel. Sai ya juya pulin da yatsa. Mai lafiya yana juyawa sumul ya tsaya da wuri. Wanda ya yi ta gudu yana ƙara, girisinsa ya ƙare. Wanda ke kakarewa ko yana girgiɗi, ya gama aiki. Idan boris ne kaɗai, ana iya sauya puli kawai, amma idan hannun yana cijewa ko ya saki, duka ake sauyawa. A wasu injuna ƙusar pulin baibai ake kwance ta, wanda bai sani ba sai ya karya ta. Kamfanonin da ke ƙera bel suna ba da shawarar a soma dubawa da mota ta kai kimanin kilomita 100,000, kuma a sauya bel da tenshina tare. Bel na zamani ba ya tsattsagewa kamar na da, haƙoransa ne ke cinyewa, don haka kyan fuskarsa ba hujja ba ce.

Tun bayan da aka saki darajar naira a Yunin 2023, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tsada, jarabar sayen na hannu ko jabu ta ƙaru. Tenshina na hannu caca ne, domin babu wanda ya san kilomita nawa ya yi kafin ya iso.

Ga inda batun ya zama na siyasa. Kasafin kuɗin ma'aikatu yana ɗauke da layin kula da motoci a kowace shekara. A ganina, sayen sabuwar mota ya fi jan hankalin mai mulki saboda kwangila ce babba mai biki da hoto, sauya puli kuwa ba wanda zai tafa masa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ciki har da 21 na Jihar Kebbi. A 2025 kuma ta tabbatar da cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi. Matashi a Gwandu ko Kalgo yana da damar rubuta takarda ya nemi jerin motocin ƙaramar hukumarsa, da adadin masu tashi, da littafin da ake rubuta gyaran kowace mota, da rasiɗan kayan da aka ce an saya. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.