Ƙurajen Fuska Ga Manya: Matsayin Abinci Da Shan Ruwan Ganye

 

'Yan'uwa maza da mata, tambayoyi sun yawaita gare mu daga ɗalibai, musamman daga ɓangaren mata, game da ƙurajen fuska da suke fesowa bayan mutum ya wuce shekarun balaga. Wata tana da shekara 28, wata 35, wata ma ta aurar da 'yarta, amma kowane wata idan haila ta gabato sai ƙuraje masu zafi su fito mata a haɓa da gefen muƙamuƙi. Da yawansu sun ga saƙonni a WhatsApp da TikTok cewa maganin abin shi ne a matse ɗanyen ganye a sha ruwansa da sassafe, har wasu suka sayi na'urar markaɗe don haka, wasu kuma suka bar cin abinci na kwanaki suna shan ruwan ganye kawai. Wannan ya sa muka ga ya dace mu tattaro abin da likitocin fata suka tabbatar, mu kawo shi da harshen da kowa zai gane, domin a nan akwai lafiya, akwai dukiya, akwai kuma kwanciyar hankalin 'ya'yanmu mata.

Yadda ƙurjin yake samuwa

A ƙarƙashin fatar fuska akwai 'yan ƙananan jakunkuna masu fitar da maiƙo, wanda yake bi ta ƙofar gashi ya fito ya tausasa fata. Idan maiƙon ya yi yawa, ya haɗu da matacciyar fata, sai ƙofar ta toshe. A cikin wannan toshewa ne wata ƙwayar cuta, wadda dama tana zaune a fatar kowa, take samun wurin hayayyafa, sai wurin ya kumbura ya yi ja ko ya tara ruwa. Ke nan asalin ƙurjin daga ciki yake, kuma yawan wanke fuska da sabulu mai kaifi ba ya kawar da shi, sai dai ya ƙara wa fata rauni.

Abin da yake umurtar jakunkunan nan su ƙara maiƙo shi ne wasu sinadarai da jini yake ɗauke da su, waɗanda ake kira homon, musamman nau'in da ake kira andirojin. Namiji yana da shi da yawa, mace ma tana da nata daidai gwargwado. Kwanaki kaɗan kafin haila ma'aunin sinadaran mace yana sauyawa, shi ya sa ƙurajen suke zuwa da lokaci kamar an yi musu alƙawari. Haka nan juna biyu, da wasu alluran tazarar haihuwa, da rashin barci, da yawan damuwa, duk suna iya motsa su. Gado ma yana da nasa kaso.

Inda abinci ya shigo

Idan mutum ya ci abin da yake saurin narkewa ya zama sukari a jini, kamar farin burodi, da farar shinkafa, da fanke, da lemon kwalba, jiki yana sakin insulin da yawa domin ya kwashe sukarin. Yawan insulin yana ɗaga wani sinadari mai suna IGF-1, su biyun kuma suna ƙarfafa aikin andirojin, sai maiƙo ya ƙaru. Wannan ita ce hanyar da ta haɗa kwanon abinci da fuska.

Akwai bincike da ya ƙarfafa wannan. A shekarar 2002 Loren Cordain da abokan aikinsa suka wallafa abin da aka gani a tsibirin Kitava na ƙasar Papuwa Niyu Gini, inda aka duba mutum 1,200, da kuma mutanen Ache na ƙasar Paraguwai su 115, ba a samu mai ƙurajen fuska masu aiki a cikinsu ba. Mutanen Kitava suna rayuwa ne a kan doya da dankali da 'ya'yan itace da kifi da kwakwa, babu sukarin kanti, babu farin fulawa. A 2007 a birnin Melbon na Ostiraliya aka raba samari 43 gida biyu tsawon mako 12, aka ba kashi ɗaya abincin da ba ya saurin ɗaga sukari, sai raguwar ƙurajensu ta kusan ninka ta ɗaya kashin. A 2020 kuma wani bincike a Faransa mai suna NutriNet-Santé, wanda ya shafi manya sama da 24,000, ya samu alaƙa tsakanin ƙurajen manya da shan abin sha mai zaƙi, da madara, da cin kayan maiƙo masu sukari.

Game da madara, wani masani ɗan Najeriya, Clement Adebamowo, ya jagoranci bincike a jami'ar Harvard da aka wallafa a 2005, a kan mata ma'aikatan jinya sama da 47,000 a Amurka. An ga waɗanda suka fi shan madara a ƙuruciyarsu sun fi samun ƙuraje masu tsanani, kuma alaƙar ta fi fitowa a madarar da aka cire wa mai. Sai dai a lura, samun alaƙa tsakanin abu biyu bai kai matsayin tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗaya ba, kuma hujja a kan nono mai tsami da cuku ba ta kai ta madara ƙarfi ba. Don haka ba ma cewa kowa ya bar nono, balle mai juna biyu ko mai shayarwa ko yaro mai tasowa.

Hukuncin ruwan ganye a ma'aunin bincike

Babu wani gwaji ingantacce da ya nuna cewa shan ruwan ganye yana warkar da ƙurajen fuska. Yayin shan ruwan ganyen seleri da ya cika intanet wajen 2018 da 2019 ya samo asali ne daga wani ba'amurke mai suna Anthony William, wanda ba likita ba ne, kuma shi da bakinsa yake cewa wani ruhi ne yake sanar da shi ilimin magani. Mai hankali ba ya ɗora lafiyarsa a kan irin wannan tushe. Maganar da ake yi kuma ta cewa ruwan ganye yana wanke dattin jini, to hanta da ƙoda su ne Allah Ya ɗora wa wannan aiki, suna yinsa dare da rana.

To me ya sa wasu suke cewa sun ga sauƙi? Galibi wadda ta fara shan ruwan ganye da safe ta bar shayi mai madarar gwangwani da burodi, ta rage lemo, ta fara lura da abin da take ci. Sauƙin ya zo ne daga abin da ta bari, sai aka ba ruwan ganye ladan.

Ganye kansa abu ne mai amfani ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a kullum. Matsalar tana wajen tacewa. Tsakin nan da yake saura a rariya ake zubar wa kaji, shi ne zaren ganye da ake kira faiba, wanda yake jinkirta shigar sukari cikin jini, yake kuma ƙosar da mutum. Idan aka matse karas da betarab, aka ƙara abarba ko mangwaro ko kankana domin ya yi daɗi, aka tace, aka zuba sukari ko zuma, to an haɗa abin sha mai zaƙi ne da sunan magani. Zuma tana da falalarta da ba ma musu a kai, amma a lissafin sukarin da yake shiga jini, tana cikin lissafi.

Akwai kuma haɗurra da ya wajaba a sani. Alayyafo da betarab suna da sinadarin okzalet mai yawa, kuma an samu waɗanda ƙodarsu ta lalace saboda yawan shan ruwan irin waɗannan ganye, musamman masu raunin ƙoda tun asali ko masu tsakuwar ƙoda. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin bai kamata ya ƙara ganye da yawa farat ɗaya ba sai da sanin likita. Mai ciwon sukari da ke shan magani, idan ya bar abinci ya koma ruwan ganye, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma. Ɗanyen ganyen da aka yi wa ban-ruwa da ruwa mai ƙazanta, aka markaɗa ba tare da kyakkyawan wanki ba, yana iya kawo taifot da atini da kwalara. Kada a je neman gyaran gira a rasa ido.

Abin da muke ba da shawara a kai

Na farko, a fara da sukari. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babba, wato kusan cokalin shayi 12, kuma idan ya tsaya a giram 25 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 33 tana ɗauke da kusan giram 35. A ƙara da na shayin da ake dafawa zagaye uku a majalisa, da na zoɓo, da na fura, da na koko, sai a ga an wuce iyaka tun kafin la'asar. A watan azumi abin ya fi yawa wajen buɗa-baki, sai a kula.

Na biyu, a koma ga hatsinmu. Gero da dawa da ba a surfe su har suka rasa dusarsu gaba ɗaya ba sun fi farar shinkafa da taliya da burodi. Amma tuwo ma idan gari ya yi laushi kuma aka cika kwano, yana ɗaga sukari, don haka a rage malmala a yawaita miya. Wake, da gurjiya, da gyaɗa, da ƙwai, da kifi suna rage saurin hawan sukari idan aka haɗa su da hatsi.

Na uku, a ci ganye a tauna shi. Kwaɗon zogale, da na rama, da na tafasa, da dambu mai ganye, da miyar kuka, da kuɓewa, da yakuwa, da lalo, duk suna nan a kasuwanninmu da arha, kuma faibarsu tana ciki. Wadda take son abin sha, ta markaɗa kokwamba da karas da ɗan citta da lemon tsami, kada ta tace, kada ta sa sukari, kofi ɗaya ya isa, kuma ya zama ƙari a kan abinci.

Na huɗu, wadda take zargin madara ta bar ta tsawon wata biyu ta gani. Samari masu ɗaga ƙarfe su sani cewa garin furotin na madara da suke sha yana tayar wa wasu ƙuraje, haka ma yawan bitamin B12 ba da buƙata ba.

Na biyar, haƙuri. Fata ba ta nuna sauyi a mako guda. A ba abin mako 12, a riƙa rubuta ranakun haila da ranakun da ƙurajen suka taso. Kada a matse ƙurji, domin a baƙar fata tabon da yake bari yana iya daɗewa watanni bayan ƙurjin ya tafi.

Tambihi mai muhimmanci

Akwai abubuwa biyu da suka yawaita a garuruwanmu waɗanda suke haifar da ƙuraje, kuma babu abincin da zai yi maganinsu matuƙar ba a bar su ba. Na ɗaya man bilicin. Da yawa daga cikinsa yana ɗauke da magunguna masu ƙarfi irin kulobetasol da betametason, waɗanda suke sirantar da fata su feso da ƙuraje, wasu kuma suna da haidirokwinon ko makyuri mai cutar da ƙoda. Saboda irin wannan illa ƙasar Kodebuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayuka a 2015. Na biyu ƙwayoyin ƙiba da wasu mata suke sha, musamman gab da aure, waɗanda a cikinsu akwai deksametason. Yana kawo ƙuraje, da hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana shan sa kada ta yanke shi rana ɗaya, likita ne zai rage mata shi a hankali, domin yankewa farat ɗaya haɗari ne ga rai.

Sannan idan ƙurajen sun zo tare da rikicewar haila, ko fitowar gashi a haɓa da ƙirji, ko ƙiba, ko jinkirin samun ciki, to a je asibiti. Wannan yana iya zama ciwon da likitocin Nijar da Kamaru da Chadi suke rubutawa SOPK, na Ghana da Najeriya kuma PCOS, wanda yake samun kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, kuma yana da alaƙa da ciwon sukari. Haka nan ƙuraje masu zurfi da zafi da suke barin rami a fuska, ba a jira da su. Akwai magungunan shafawa irin benzoyil feroksaid da adafalin, akwai na sha da likita yake rubutawa. Mai juna biyu ko mai neman ciki ta sanar da likita tun farko, domin maganin da ake kira isotiretinoyin yana nakasa jariri a ciki, kuma akwai wasu ma da ba a ba mai ciki.

Muna kira ga mazaje da iyaye da su taimaka. Ƙurajen fuska ba alamar ƙazanta ba ce, ba kuma dalili ba ne na zargin maƙwabciya ko kishiya da sammu. Gorin da ake yi wa mace a kan fuskarta shi ne yake tura ta wajen masu sayar da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba. Maigidan da ya rage sayen lemo ya ƙara kuɗin ganye da wake, ya kuma kai iyalinsa asibiti idan buƙata ta taso, ya sauke wani ɓangare na haƙƙin da ke kansa. Addininmu dama ya hore mu da matsakaici a ci da sha, ya kuma umurce mu da neman magani wajen waɗanda suka san shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a abin da muke ci da sha. Wallahu a'alam.